Fankar Mushe Modu

"To saurara," in ji Mushe Modu, ya danna madanni da ɗan yatsansa. "Ka gaya min tsakaninka da Allah, wannan muryar mutum ce ko injin markaɗe?"

Tahiru ya karkato kunne. Muryar tsohon ta fito daga cikin kwamfutar da Barbarci, can ƙasa-ƙasa, sai wani kuka fiii ya hau kanta ya danne. Fankar da ke cikin kwamfutar ce. Ko a lokacin ma tana kan teburin shagon gyaran Tahiru tana ta huci, kamar tana da ƙarar da za ta shigar.

"Bantilatar ce, Baba. Ita ke fitar da zafi."

"Ni ma zafin nake ji. Ka ji ina ihu?"

Mushe Modu tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce masa Mushe. Shekara talatin da biyu yana riƙe da alli, daga Dogo zuwa Zermu zuwa Damagaram Takaya, kafin ya huta ya dawo gidan gadonsu a unguwar Birni, cikin Zinder, inda katanga ɗaya ta raba shi da gidan su Tahiru. Kwamfutar kuwa 'yarsa Aisa ce ta kawo masa, wadda ke aikin ungozoma a Difa. Tun ranar da likita ya gaya masa ƙodarsa ta gaji, bai tsaya neman ja-in-ja da kowa ba. Sai ya ɗora wa kansa aiki: kullum da hantsi ya zauna ya buɗe kwamfutar, ya naɗi muryarsa. Yadda kakanninsa suka taso daga Barno, wa ya haifi wa, yunwar da ya gani da idonsa, kwana nawa uwarsa take jiƙa anza kafin ɗacinta ya fita a ci. Duk don jikokinsa ne, waɗanda Barbarcinsu bai wuce gaisuwa ba.

Tahiru ya san ciwon, ya san maganinsa. A kwance sukurori goma sha biyu, a ciro fankar, a share datti, a mayar. Aikin rabin awa ne ga mai hannu irin nasa. Amma bazarar dubu biyu da goma ce. Daminar bara ta yi gardama, rumbuna sun zama fayau, mutanen ƙauye sun cika Zinder da ƙwaryarsu da 'ya'yansu, masu rabon abinci kuma sun shigo gari da motocinsu. Wani furoje, cikin ƙungiyoyin agajin nan, ya ajiye masa kwamfutoci bakwai, ana son su kafin azahar. Direbansu ya leƙo sau biyu, fuskar nan ba annuri.

Sai Tahiru ya bi gajeriyar hanya. Ya zaro kile, ɗan filashin nan, daga aljihu, ya soka, ya sa wa kwamfutar wata 'yar manhaja da ke juya gudun fanka. Allon ya nuna zafin cikinta, digiri tamanin da ɗaya, da jan rubutu. Ya gani sarai. Ya cire fankar daga inda take sarrafa kanta, ya ja gudunta ƙasa har ƙarshe, ya kashe gargaɗin da ke fitowa idan zafi ya yi yawa, ya saita komai ya riƙa tashi haka duk lokacin da aka kunna. Kukan ya lafa, ya lafa, ya ɗauke ɗif.

Tsohon ya saki baki. Ya naɗi kalma biyu, ya saurara, ya ji muryarsa tar.

"Wala! Ka ga aiki. Ko buɗe ta ba ka yi ba!" Ya dafa kan Tahiru. "Allah ya yi maka albarka, ɗana."

A nan ne ya kamata Tahiru ya ce a dawo da ita ran Juma'a ya ƙarasa. Maganar ta zo masa har baki. Amma faɗinta zai nuna aikin bai kammala ba, ga hannun tsohon kuma a kansa. Ya ce amin, ya haɗiye sauran. A ransa ya ce da kansa zai shiga gidan ran Juma'a ya karɓo ta.

Juma'a ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta sake wucewa. In sun haɗu a ƙofar gida, Mushe Modu sai ya ɗaga sanda yana murna. Har ya gaya masa ya goge tsofaffin da ya naɗa duka, masu kukan nan, ya faro daga farko.

"Duka, Baba?"

"Duka. Wa zai bar wa jikoki hayaniya?"

Tahiru ya yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba, ya hau babur ɗinsa ya tafi.

A sati na huɗu tsohon ya daina fitowa masallaci. Rabi, matar Tahiru, ita ke kai masa kunu ta ƙofar baya. Ran nan ta ajiye kwanon a gaban mijinta ta ce, "Yau kai za ka kai. Mutumin nan ya riƙe ka a cinya kana jariri, kana ta zille masa sai ka ce ka ci masa amana."

Ya ɗauki kwanon.

Bayan azahar ne, zafi ya kai inda ko ƙadangare ba ya hawa katanga. An ɗauke wuta. Tsohon yana kwance a kan katifa a zaure na biyu, ƙafafunsa sun kumbura, yana fifita da mafici. Kwamfutar na gefensa a buɗe, tana ci da batirinta, shiru kamar ba ta nan. Idon Tahiru ya tsaya a kan inda aka ɗora ta. A kan buzun sallar tsohon take, ta nutse cikin gashin, duk ramukan shan iskarta sun toshe. Ya kai hannu ya taɓa gefenta, ya janye da sauri.

"Baba, da an ɗora ta a kan daɓe, ko a kan faranti."

"A ƙasa? Sunayen iyayena da kakannina na ciki, in ajiye su a ƙasa? Inda nake sa goshina nan ya dace da su."

"To bari in tafi da ita shago, awa ɗaya kawai."

Tsohon ya daina fifitar, ya dube shi. "Me ya same ta? Ba ta warke ba?"

Ga ƙofa nan an buɗe masa, faffaɗa. Abin da zai ce bai fi kalma goma ba: Baba, ban gyara ba, bakinta na toshe. Amma Tahiru ya dubi fuskar nan da ta zabge, ya tuna albarkar da ya karɓa, kunya ta kama shi.

"Lafiyarta lau. Dubawa ce kawai."

"To bar ta. Na iso kan auren uwar Aisa, saura kaɗan in gama. Awa ɗaya a wurina yanzu ba ƙaramin abu ba ne."

Ya laluba aljihu don ko kwafe muryoyin ya yi, sai ya tuna ya bar kilen a shago. Gobe da sassafe, in ji shi a ransa. Da sassafen kuwa motar furoje ta tsaya a ƙofar gidansa: kwamfutocinsu sun ƙi aiki a wurin rabon gero, can gabas da Zermu, mutane na tsaye a layi tun jiya. Ya shiga motar. Ya ce kwana ɗaya ne, ya yi huɗu.

Ranar da ya dawo, tun daga bakin lungu ya hango tabarmi a shimfiɗe da takalma a jere. Ya shige gida.

"Jiya bayan azahar ya cika," in ji Rabi, idonta jawur. "An kai shi kafin magariba. Shekaranjiya ordinatar ɗin, kwamfutar nan tasa, ta mutu yana cikin magana. Ya danna, ya danna, ta ƙi tashi. Bai damu ba fa. Cewa ya yi, Tahiru na zuwa. Duk wanda ya yi sallama sai ya ɗago kai ya ce, shi ne?"

Tahiru ya fita ya zauna cikin masu zaman makoki. Aka miƙo masa hannu ana yi masa ta'aziyya kamar ɗan gida, don kowa ya san yadda suke. Kowane hannu ya kama, sai ya ji kamar sata yake.

Bayan addu'ar bakwai Aisa ta zo shagon da kwamfutar a naɗe cikin zane. Tare suka taso, ƙanwa ya ɗauke ta.

"Yaya Tahiru, ba ordinatar ɗin nake so ba. Muryar kawai. Ya ce min a waya ya naɗa arba'in da ɗaya."

Ya kwance sukurorin a gabanta. Da ya ɗaga murfin, ƙaurin abin da ya ƙone ya bugo su. Fankar ta cushe da datti da gashin buzu, sun dunƙule sun zama kamar auduga.

"Me ya same ta?"

"Zafi ne," in ji shi, idonsa a kan tebur. "Kin san zafin bana."

"Wallahi kuwa. Dabbobi ma sun faɗi, balle ƙarfe."

Ya ciro faifan da muryoyin ke ciki, ya haɗa shi da tasa kwamfutar. Faifan ya yi ƙas, ƙas, ƙas, ya tsaya. Kwana biyu Tahiru bai karɓi aikin kowa ba. Ya gwada duk dabarar da ya sani, har da waɗanda yake yi wa wasu dariya in sun gwada. A rana ta biyu faifan ya buɗe na ɗan lokaci, ya saki guntu ɗaya, sannan ya yi shirun da ba ya dawowa. Cikin arba'in da ɗaya, abin da ya tsira bai cika minti ba.

Aisa ta dawo da la'asar, don washegari za ta koma Difa. Ya gaya mata, ta yi salati a hankali, ta zauna a kan benci. Ya kunna.

Muryar ta fito tar, babu ko ɗigon hayaniya. Tsohon ya yi gyaran murya, ya yi bisimilla, ya shiga Barbarci. Tahiru ba ya jin yaren, amma ya ji sunansa. Ya sake jin sa. Sai maganar ta yanke a tsakiyar kalma.

Aisa ta share ido da bakin mayafi, har da ɗan murmushi.

"Me ya ce?" in ji Tahiru.

"Buɗewar ce, kafin ya fara labarin. Ya ce, Aisa, in abin nan ya yi gardama bayan raina, kada ki kai shi ko'ina, ki kai wa Tahiru. Ya ce Tahiru ba ya aikin ganin ido."

A waje mai ga-ruwa ya wuce yana tura kurarsa. Tahiru ya dubi fankar. In ya yi shiru, magana ta ƙare, don wanda zai tona ba ya duniya, kuma zafin bana ba zai musa laifin da aka ɗora masa ba.

"Aisa, ba zafi ba ne. Ni ne."

Ta ɗago.

Ya gaya mata komai, bai rage ba. Jan rubutun da ya gani, gudun da ya ja ƙasa, gargaɗin da ya kashe, Juma'o'in da suka wuce, ranar da tsohon ya tambaye shi baki da baki ya ce lafiyarta lau. Yana magana yana kallon sukurorin da ke jere a kan tebur. Bai taɓa jin ƙanƙantar kansa irin ta ranar ba, bai kuma nemi ta yafe masa ba, don ya ga ko wannan roƙon ƙarin kaya ne zai ɗora mata.

Ta dubi kwamfutar da ke buɗe, ta dubi hannuwansa.

"Gyaran na gaskiya, minti nawa ne?"

"Talatin."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Ya sani?"

"Bai sani ba."

"To gara haka." Ta miƙo wayarta ba tare da ta dube shi ba. "Sa min a nan."

Bai ji Yaya a bakinta ba, kuma ya san ba mantuwa ta yi ba. Ya tura mata guntun, ya miƙa mata wayar da hannu biyu. Ya zaci za ta tashi ta tafi, amma sai ta matsa can ƙarshen bencin, ta juya masa baya, ta kara wayar a kunne. In ya ƙare ta sake dannawa.

Tahiru ya rasa inda zai sa hannunsa. Ya ɗauki fankar, ya jawo tsohon buroshin haƙori da yake aiki da shi, ya shiga tsefe gashin buzun daga tsakanin fukafukanta, ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ya ɗora ta a tafin hannunsa ya hura. Ta juya sumul, ta daɗe tana juyawa kafin ta tsaya.