Rigar Malam a Kurmin Marina

...kuma wai duk shekarun nan hanyar tana nan, a bayan gonarsu, ita ce dai ba ta taɓa takawa ba? Ummulkhairi tana tafe a bakin kanal ɗin ban-ruwa, ƙullin riga a hammata, gonakin shinkafa sun ƙare, itatuwa sun rufe sama — mangwaro, ɗorawa, kanya — sanyi yana shigar mata ta ƙasan mayafi. Ƙafa, ashe ba ki manta tafiya ba! Fitarta ta farko ke nan tun da ta gama takaba. Ya kamata a ce kanta a sunkuye yake. To ya ƙi sunkuyawa, ya za ta yi da shi?

Zuliha ƙanwarta tana can baya tana jan gwiwa tana mita. Ai da sun hau acaɓa, in ji ta. Acaɓa a wannan 'yar siririyar hanya? Ki yi ta mitarki, Zuliha.

Malam, kana gani? Ga ni a hanyarka. Duk ranar kasuwa ka kaɗe riga ka ce za ka leƙa Kurmin Marina wajen abokinka Dattijo. Wata rana zan kai ki, Ummu. Wata rana, wata rana... har aka ɗauke ka a makara.

Dum-dum. Dum-dum. Me ke nan? Ba daka ba ne, ba ganga ba. Sai ga ƙauyen ya ɓullo daga cikin itatuwa kamar an yaye labule. Masu bugu ne a rumfa, sun sa gungume a tsakiya suna sauke wa rawani sanduna, ɗaya na ɗagawa ɗaya na saukewa, har da waƙa. Masaƙa sun miƙe zare daga wannan tsamiya zuwa waccan. Wani yana zana ƙwarya da wuƙa mai zafi, wani tsoho ya rungume garaya yana kaɗa wa kansa, ko mai saurare ba ya nema. Zannuwa a shanye a kan igiya, shuɗi, shuɗi, shuɗi. Kowa hannu baƙi har gwiwa, kowa baki har kunne. Mutanen garinmu cewa suke 'yan Kurmi ba su da aikin yi, ana noman tumatir suna wasa da ruwan baba. In dai wannan ne rashin aikin yi, wallahi a ba ta.

Murmushi take yi? Ita? Ta taɓa kumatunta. A'uzubillahi, me mutane za su ce...

Rigar. Kar a manta abin da ya kawo ta. Ranar rabon gado kowa idonsa a kan gona da injin ban-ruwa, ita wannan kaɗai ta roƙa: farar babbar rigarsa, wuya ya yi jawur da goro, gefe ya dafe. Salim, ɗansu na fari, zai yi aure bayan Salla, tana so ya shiga rigar ubansa, amma ba zai shiga ta haka ba, sai an rina. In ta lalace fa? Babu wata. Kuma ƙamshin... wannan ne bai bar ta ta yi barci ba. Wani ƙamshi ne a jikin Malam, ɗan tsami-tsami, kamar toka da ɗanyen ganye bayan ruwa. Ta sha shinshina kwalaben masu turare, ba ta taɓa samun irinsa ba. A wuyan rigar ma ya kusa ƙarewa. Ruwan rini zai cinye ragowar, ta sani. Ta sani, kuma ga ta ta kawo.

Dattijo ke nan a bakin ramin rini, gemu fari, hannu baƙi. Bai ko gama kwance ƙullin ba ya ɗago.

"Rigar Malam Isiyaku ce wannan. Allah ya jiƙansa. Zauna, Hajiya, nan yake zama."

Wani dutse ne da ya yi sumul a gindin kanya. Nan? Nan kake baje riga kana dariyar da ba ka yi a gida? Kai, Malam, ashe kai ma ɗan Kurmi ne a ɓoye.

Dattijo ya jiƙa rigar, ya tsoma. Ta nutse, farin ya tafi, shi ke nan. Ya Hayyu ya Ƙayyumu. Yana juyawa, yana matsawa, yana ɗagowa —

Kore! Kore kamar gansakukar kanal! Innalillahi, ya ɓata ta, tsohon nan ya ɓata ta, shuɗi aka ce, wa zai shiga wannan ya je ɗaurin aure, me za ta gaya wa Salim, me ya kai ta, da ta bar ta a ƙasan akwati da goronta da komai... Ta miƙe ba ta san ta miƙe ba, ta cafke hannun rigar.

"Bar ta ta sha iska, Hajiya."

Iska? Wace iska kuma... Tsaya. Gefen da ke hannunta yana duhu. Yana tafiya, yana hawa kafaɗa, koren yana guduwa a gaban idonta, ba wanda ya taɓa, ba wanda ya ƙara komai. Shuɗi. Tun tana yarinya take ɗaura zanen baba, ba wanda ya taɓa gaya mata kore yake fitowa!

Dariya ce ta ƙwace mata, irin ta 'yan mata, har masu bugu suka ɓata kiɗansu. Zuliha ta iso tana haki tana zare ido. Zare idon, ƙanwata, zare. Daɗi take ji, daɗi tsagwaronsa, kuma ba za ta ba kowa haƙuri ba.

Ta kai yatsunta masu shuɗi za ta share hawayen dariya, sai hannun ya tsaya a hanci.

Ɗan tsami-tsami. Toka. Ɗanyen ganye bayan ruwa.

Ba a rigar kaɗai ba. A ramin, a dutsen, a zannuwan da ke kan igiya, ko'ina... Malam. Ashe nan kake ɗebo shi ka kawo mini gida? Dattijo ya miƙo hannu, zai sake tsomawa, ai sai an yi ta maimaitawa kafin ya kama. Ta ji shi. Za ta saki. Yanzu za ta saki...