Orval Teague da 'Yan Ƙwallon Jami'a

Orval Teague yana da shekara saba'in da tara, da gonakin kaji goma sha huɗu, da kunne ɗaya da ya daina aiki, lokacin da Dana Ruckert ta zo ofishinsa wata ranar Talata. Ita ce shugabar sashen wasanni a jami'ar jiharsu. Bayan gaisuwa ta ce dala miliyan uku take nema.

"Gini za ku yi?" in ji Orval.

"A'a, Mista Teague. 'Yan ƙwallonmu za mu biya. Sauran jami'o'i suna biya, yaranmu sai guduwa suke yi can. Bara bakwai muka rasa."

Ya juyo mata kunnen da yake ji. "Sake faɗa, 'yata."

Ta sake. Ya kalle ta, ko zai ga alamar wasa. Bai gani ba.

Abin da Dana ba ta sani ba, don lokacin ba a haife ta ba, shi ne shekara arba'in da ɗaya da suka wuce an yi wani ɗan ƙwallon jami'ar mai suna Cleon Whitsett. Mahaifiyarsa ta rasu a Mississippi, ba shi da kuɗin mota. Orval ya ba shi dala ɗari biyu ya je jana'iza. Wani ya kai tsegumi, don a lokacin doka ta hana a ba ɗan wasan jami'a kuɗi. Aka kori Cleon daga ƙungiya, tallafin karatunsa ya tafi. Shi kuma Orval aka hana shi shiga filin wasa shekara biyar, jarida ta buga hotonsa kamar wanda ya yi sata.

"To dokar fa?" ya tambaye ta.

"An canja ta."

"Wato yanzu in na bayar, ba laifi?"

"Laifi kuma? Sunanka ma za mu rubuta a bakin ƙofar filin."

"Ƙofar da kuka hana ni shiga?"

Ta dubi takardunta.

Ranar Asabar ya tuƙa mota zuwa gidan Cleon, wanda ya shekara talatin yana jan motar 'yan makaranta kafin gwiwoyinsa su ajiye shi. Ya same shi a tsakar gida yana gasa haƙarƙari.

"Tsoho, ashe kana nan da ranka?"

"Sai na binne ka tukuna."

Da Orval ya ba shi labari, Cleon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Orval bai yi dariya ba. Shi so yake a ce masa ko dai a da ne aka zalunce su, ko kuma yanzu ne duniya ta lalace. Duk wanda ya kama a ciki, sai ɗayan ya suɓuce masa.

"Ka ba su," in ji Cleon yana juya nama. "Yaran nan jikinsu suke karyawa, koci yana kwasar miliyoyi. Dubi ƙafafuna."

"To mu me muka yi a lokacin?"

"Mun riga kowa ne kawai. Miƙo faranti."

Orval ya koma ya kafa sharaɗi. Ya ce zai bayar, amma sai jami'a ta rubuta wa Cleon wasiƙar neman afuwa. Bayan mako biyu Dana ta dawo da amsar lauyoyi. Sun ce ba za a iya neman afuwa ba, domin hukuncin daidai yake da dokar wancan zamani. Amma an duba fayil, darasi biyu ne suka rage wa Cleon ya kammala digiri, in yana so ya zo ya ƙarasa kyauta.

"Wato mun yi laifi," in ji Orval.

"A lokacin, e."

"Yanzu kuma irinsa kuke roƙo na na yi, ninki dubbai."

"Ba haka zan faɗe shi ba."

"Ya za ki faɗe shi?"

Ta yi bayani mai tsawo, rabinsa ya faɗa kunnen da ba ya ji. Duk da haka ya sa hannu.

A watan Satumba aka kawo masa yaron da ya samu kaso mafi tsoka, Jarvis Tolliver, ɗan shekara goma sha tara, tare da wakilinsa mai agogo mai sheƙi. Yaro ne mai ladabi, ya riƙe hannun Orval da hannu biyu, ya kira shi Mista Tate har sau uku, ko sunansa bai riƙe ba. Ya kuma iya wasa. A kakar wasan nan sun ci wasa tara, Orval yana zaune a sama cikin ɗakin gilashi, Cleon da ya koma karatu yana gefensa da littafin tarihi a cinya, yana mitar cewa malamarsu ba ta kai 'yar autarsa shekaru ba.

Cikin Janairu Jarvis ya koma jami'ar jihar da ke maƙwabtaka da su. Can sun fi tayi. Orval a rediyo ya ji, yana kan hanyar gona. Ya faka a gefen titi ya kira Dana.

"Ya tafi da kuɗin?"

"Ai ya yi aikinsa, Mista Teague. Yarjejeniyar kakar wasa ɗaya aka yi da shi."

"Ba wanda za a hukunta?"

"Babu. Dama ina son kiran ka. Akwai wani yaro a Texas, in muka yi sauri."

Orval ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya rasa wanda zai yi wa. Yaron bai ɓoye komai ba, ita ma ba ta yi masa ƙarya ba. Ya laluba zuciyarsa ko zai ji an cuce shi, ya tarar har yanzu yana son yaron.

"Mista Teague, kana ji na?"

"Ina ji. Shi na Texas ɗin, iyayensa na raye?"

"Ban sani ba. Me ya sa?"

"Ni ma ban sani ba," in ji shi. "Ki zo ran Alhamis, amma ban ce na yarda ba."

Ya ajiye waya. Wata babbar mota cike da kajinsa ta wuce, direban ya danna masa oda. Ya ɗaga hannu, sannan ya tada mota ya bi bayanta.