Jirgin Da Ake Kira Esferanza

Igiyar kwandon tana hannun matata lokacin da na shigo, rabin jikinta a wajen baranda, tana sassautawa a hankali don kada miyar ta zube.

"Ummu Midhat, wa kuma ake yi wa hidima?" na ce, alhali na sani.

"Usta Adli. Karima ta ce tun jiya bai sa komai a bakinsa ba."

"Ni da na kwana ina tari, shayi kawai na gani."

"Kai tari kake yi, shi tafiya yake yi. In musaya kake so, sauka ka gaya masa."

Kwandon ya tsaya a barandar ƙasa, Karima ƙanwar Adli ta ɗauke kwanon, ta ɗago kai ta yi godiya. Miyar adas ce, ƙananan waken nan, da lemun tsami, an soya albasa an zuba a kai, daidai yadda nake so.

Ana cewa kishi kumallon mata ne. Wanda ya faɗi haka bai taɓa zama a saman ɗakin makaɗi ba. Ni na zauna, tun ina da baƙin gashi har yanzu da ba ni da ko farin. Gidanmu na katako ne irin tsofaffin gidajen garinmu Bur Sa'id, in Adli ya yi atishawa a ƙasa sai mu ce masa yarhamukallah daga sama.

Ni bambuti ne, ɗan kwale-kwale. Mu ne muke bin manyan jirage a bakin Kanal, mashigin ruwan da aka haƙa wa jirage, mu jefa igiya sama, mu sayar wa ma'aikatansu da tsaraba. A nan na koyi ciniki da Italiyanci, zagi da Girkanci, rantsuwa da Sifaniyanci, kowanne rabi-rabi. Kuma babu jirgin da ya ratsa ruwan nan ban riƙe sunansa ba, wannan ko maƙiyina ya shaida.

Adli kuwa jita yake kaɗawa, ja, mai lantarki. Su biyar ne, suna kiran kansu Samarin Fanar, wato hasumiyar fitilar da ke haska wa jirage hanya. Faya-fayen da 'yan jirgin Kuba da Kolombiya ke kawowa suka saurara har suka haddace, suka ɗauki gangar can suka ɗora mata muryar nan. In Adli ya taɓa waya ɗaya ya girgiza ƙarfen da ke jikin jitar, sai sautin ya yi ta karkarwa kamar an ja igiyar shanya an saki. Tsakani da Allah, ba a yi hannu irin nasa a garin nan ba. Garin ne bai sani ba. Masu simsimiyya, garayarmu ta gargajiya, suka ce wannan kiɗan baƙi ne, masu otal suka ce baƙin gaske suke so, ba ɗan layinmu ba. Kaset ɗaya suka yi, ya yi ƙura a kanti. Biyu suka tafi Kuwait, biyu suka rasu, Adli ya koma gyaran rediyo, ana ce masa Usta, wato gwanin sana'a. Amma bai fasa ba, kullum bayan la'asar sai ya jona jitar ya yi abinsa.

Akwai wani kiɗa da ya tsara a shekarar da aka kawo mini amarya. Ya sa masa suna Esferanza. Da shi yake rufe kowane biki, sai ya matso da baki ya kira sunan a hankali kafin ya fara. In kiɗan ya taso ta cikin daɓe, matata takan tsaya cak, ko wuƙa ce a hannunta ko jariri. In ya gama sai ta ci gaba da aikinta.

Wata rana wani ɗan Sifen ya zuro mini hoton 'yarsa in gani, ya ce sunanta Esferanza. Na tambaye shi ma'anar. Ya dafa ƙirji, ya nuna nesa, ya ce abin da mutum ke fata ke nan. Saura kaɗan filafili ya suɓuce mini, domin wannan da Larabcinmu shi ne amal. Sunan matata Amal.

A layinmu namiji ba ya kama sunan matar wani. Ni kaina tun da aka haifi Midhat ban ƙara kiran ta da shi ba. Ga shi wani ya samo hanyar kiran sa a gaban gari duka, da harshen da ya ɗauka ba mai ji. Kuma bai taɓa aure ba. Ban gaya mata ba. Ita ba ta jin Sifaniyanci, ni kuma ban ga dalilin da zan zama ɗan aiken Adli ba. Na haɗiye abin. Mu gaisa da shi a matakala, in kai masa kifi ranar salla, in koma sama ina jin haushinsa.

"Ka sauka ka duba shi," ta ce tana naɗe igiyar. "Maƙwabcinka ne. Mutane za su yi magana."

Na sauka, ba don mutane ba. Na ga in ban tambaya yanzu ba, da amsar za a binne shi.

Ɗakin yana warin magani da na dalma. Matattun rediyoyi jere a kan kanta, jitar a jingine kusa da gado. Adli ya ƙare, sai hanci da idanu.

"Abu Midhat da kansa," ya ce. "Lalle likita ya gaya muku abin da bai gaya mini ba."

"Cewa ya yi rowa ce ke cin ka. Ka ƙi mutuwa don kada mu sha kofin zaman makoki kyauta."

"Mara sukari ne ai, kada ka sa rai."

Ya yi dariya, tari ya karɓe. Karima ta ba shi ruwa ta fita wanke kwano. Na ja kujera.

"Usta," na ce, "kiɗan nan naka na rufe biki."

"Wanda kake tsayawa a matakala kana saurare?"

"Ni? Numfashi nake mayarwa."

"Tun kana ango kake mayar da numfashi a matakala ta bakwai, wadda take ƙara. Ka san wani abu? Garin nan kaf, kai kaɗai ne ka saurare ni da kunne biyu. Sauran rawa suke yi. Ranar da na canja wani wuri a tsakiya, da safe ko gaisuwata ba ka amsa ba."

"Ɓata shi ka yi ai."

"Na ɓata shi. Na mayar kuma."

Na ji kunya, na ji daɗi, na kuma ji haushin daɗin da na ji. Na dubi ƙofa, na rage murya.

"Sunan fa? Wace ce Esferanza?"

Ya ɗaga ido ya dubi silin. Daga sama ana jin takun matata, daga kicin zuwa baranda, ta ɗan ja ƙafar hagu. Ban taɓa sanin haka ake jin ta daga nan ba.

"Jirgi ne," ya ce. "Jirgin ayaba, fari, duk tsatsa. A hannun wani mai dafa musu abinci na sayi jitar. Me ka ɗauka?"

"Ba komai."

"Miƙo mini ita."

Na ɗora masa jitar a ƙirji. Yatsunsa suka kasa danne wayoyin. Ya taɓa guda ɗaya haka nan ba lantarki, ya girgiza ƙarfen. Ɗan sauti ya fito siriri, ya yi rawa, ya mutu.

"Ka gaishe da mutanen sama," ya ce. "Ka ce miya ta yi daɗi."

Ko cokali biyu bai sha ba, na ga kwanon.

Na hau matakala kamar an sauke mini buhun siminti. Jirgi! Ina hawa ina yi wa kaina dariya.

Ranar Juma'a da hantsi Karima ta yi kuka ɗaya, muka gane. Allah ya jiƙan Adli. Bayan sallar Juma'a aka yi masa salla, don haka sahu ya cika da waɗanda ba don shi suka zo ba. Wani a bayana ya ce, "Wane ne?" Aka ce masa, "Wani mai gyaran rediyo." Na juya na ce, "Shugaban Samarin Fanar ne." Ya ce, "'Yan ƙwallo ne?" Da ba a masallaci muke ba da ya ji Girkancina. Ni na kama makara ta gaba, ni na shiga kabari na karɓe shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan.

Gidan ya yi tsit. Kowa ya kashe rediyo da talabijin kamar yadda aka saba in an yi rashi, har yaran bene na uku aka hana su gudu. La'asar ta yi ta wuce, ba abin da ya taso ta cikin daɓe. Ban zaci zan rasa abin yi da kunnuwana ba.

Bayan an share makoki na sami matata a kicin cikin baƙaƙen kaya, tire a cinya, tana tsince shinkafa. Idanunta sun kumbura. Na so in sa ta dariya, na kuma so ta san cewa ni na yi nasara, ko da ba ta san an yi kokawa ba. Baki shi ke yanka wuya.

"Kin san wautar da mijinki ya yi?" na ce. "Kiɗan nan, Esferanza. Shekara da shekaru na ɗauka da ke yake."

"Da ni? Ina ruwana da shi?"

"Da Sifaniyanci ma'anarsa amal. Sunanki. Ashe jirgin ayaba ne. A kansa ya sayi jitar, shi ya gaya mini da bakinsa."

Na yi dariya ni kaɗai. Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar.

"Sake faɗa."

"Jirgin ayaba."

"A'a. Ma'anar."

Na sake faɗa. Ta sunkuyar da kai kan tiren.

"A Iskandariyya ya sayi jitar," ta ce a hankali. "A kanti. Karima ce ta sayar da awarwaronta, ita ta ba ni labari." Ta ɗago ta dube ni. "Abu Midhat, kai da ka san kowane jirgi. Ka taɓa ganin sa?"

Na laluba. Na bi fararen jirage da masu tsatsa, na bi na ayaba ɗaya bayan ɗaya, tun daga ranar da aka sake buɗe Kanal bayan yaƙi har ranar da na ajiye filafili, ban ci karo da mai wannan suna ba. Ina tsaye riƙe da ƙofa kamar baƙo.

"Jirage suna da yawa," na ce.

Ta ɗauki tiren ta fita baranda, ta zauna ta ba ni baya. Daga inda nake ina hango gefen fuskarta, leɓunanta suna motsi, tana gwada kalmar gaɓa-gaɓa. Wata tattabara ta sauko kan ƙarfen baranda, ta matso, ta fara cin shinkafar daga bakin tiren. Amal ba ta kore ta ba.