Sitiyarin Malam Mumini

Ranar da Malam Abdulmumini ya karya ƙafar bijimin wani manomi mai suna Usaini, da rana tsaka ne, babu hadari, babu duhu. Ya ɗauko takin zamani daga Makoda a motar ƙaninsa Alhaji Lawan, ya biyo burtalin da ya ratsa gonakin unguwarsu, gero ya kai ƙugu dama da hagu. Tayar gaba ta faɗa wani rami da ruwa ya zaizaye, sitiyarin ya fizge masa hannu, sai ya ji ƙara ta ɓangaren dama. Da ya fito ya tarar da bijimin kwance yana neman tashi, Usaini na tsaye da igiya a hannu. Kafin la'asar an yanka dabbar. Alhaji Lawan ya je da kansa ya ba da haƙuri, ya saya wa Usaini wani bijimin ranar kasuwa, don kada huɗarsa ta tsaya. Tsakaninsu da Usaini magana ta mutu, amma a gari ba ta mutu ba.

Malam Mumini, kamar yadda kowa ke kiransa, ya fara riƙe sitiyari tun gemunsa bai fito ba. Ya ja babbar mota zuwa Kudu har ya gaji, ya dawo gida da ciwon baya da sunan direban da bai taɓa taka ko kaza ba. Lawan kuwa, wanda Malam Mumini ya riƙa goyawa a keke zuwa makaranta, Allah ya buɗa masa a cinikin hatsi, ya gina sito, ya sayi tsohuwar a-kori-kura mai fowil, irin wadda ke shiga inda bas ba ta zuwa. Ya miƙa wa wansa makulli, ya ce ai na gida ya fi bare. Tun daga nan Malam Mumini ke bin ƙauyukan da ke tsakanin Makoda da Kunci, yana kwaso gyaɗa da gero da kaka, yana kai taki da damina. In mace ta kasa haihuwa a lungun da babu hanya, shi ake tasa.

Damina biyu ke nan yana faɗa wa Lawan motar nan tana ja dama. In ya saki sitiyari a miƙaƙƙiyar hanya sai ta nufi gona. In ya taka birki sai gabanta ya yi rawa, ga wani ƙwas-ƙwas da take yi a gargada, tayar dama kuma ta cinye ta ciki. Kullum amsar ɗaya ce, a bari a gama kaka. In an gama kaka, a bari a sayar da kaya.

Yanzu da abin ya faru, ba wanda ya tuna da wannan. A majalisar bakin masallaci ana cewa tsufa ne ya zo, hannu ya daina bin zuciya. Har wani ya ce gara da abin ya tsaya a kan bijimi. In Malam Mumini ya nufo su sai a koma zancen tsadar taki. Ya kuma lura Abdulrauf, surukin Lawan da ya koyi tuƙi a Kano, ya fara yawan zama a bakin sito, yana goge gilashin motar ba wanda ya sa shi.

Da Lawan ya kira shi zaure, ya fara da kewaye-kewaye, yana maganar hutu da ciwon baya. Malam Mumini ya bar shi ya gama.

"Lawan, ba ni ba ne, motarka ce. Na faɗa maka tun bara waccan."

"Yaya, kowace mota tana da halinta. Da can ai kana iyawa da ita."

"Ka gyara ta tukuna. In an gyara na sake kauce hanya, kai ba sai ka karɓi makulli ba, ni zan kawo maka."

Lawan ya ce to, a kai ta wajen Tasi'u.

Tasi'u makanike ne a Kunci, garejinsa gindin wata tsamiya a bayan tasha, mutum ne mai ƙarancin magana. Ya ɗaga gaban motar da jak, ya kama tayar dama sama da ƙasa ya girgiza, tayar ta yi ta lilo kamar haƙorin da ya kusa fita. Ya cire ta, ya kira Malam Mumini ya leƙa. Ya nuna masa ƙarfen nan mai kama da gwafa wanda ke riƙe taya da jikin mota, wanda su ke kira lowa am. Robar da ke bakinsa ta ruɓe ta zube, ƙarfe na cin ƙarfe. Shi kansa ƙarfen ya ɗan lanƙwashe, kuma lanƙwasar ta tsufa, don tsatsa ta kwanta a kanta. Ɗan'uwansa na sama ma ya saki. Tasi'u ya ce wanda ya ja motar nan a haka har damina biyu bai kifa ta ba, a gaishe shi.

Malam Mumini ya miƙe tsaye. Ya ce Tasi'u ya kira Alhaji ya maimaita masa wannan maganar da bakinsa. Tasi'u ya kira, ya faɗa, ya ƙara da cewa gara a canja duka, na sama da na ƙasa, dama da hagu, don in an sa sabo gefe ɗaya tsohon zai ci shi.

Washegari suka shiga Kano tare, suka sayo kayan a Ƙofar Ruwa. Malam Mumini bai yarda kwandastan motar haya ya sa su a but ba, a kan cinyarsa ya riƙe su har Kunci. Aikin ya ci musu yini guda da rabi. Wani noti ya ƙi kwancewa, tsatsa da laka sun haɗe shi da ƙarfen, sai da aka gasa shi da wutar walda sannan ya saki. Malam Mumini ya tuɓe riga ya shiga ƙarƙashin motar, yana riƙe sifana, yana miƙa guduma, ciwon bayan ma ya manta da shi. Da aka ɗaura sababbin, Tasi'u bai ɗaure notocin tamau ba sai da aka sauke motar ta zauna a kan tayoyinta, ya ce in an ɗaure a sama robar za ta murɗe ta yage da wuri. Sannan ya ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba, yana kwancewa yana ɗaurewa har tayoyin suka daidaita. Ya ce in an shiga birni a kai ta na'ura ta duba, amma wannan ma zai kai su.

Suka fita gwaji da hantsi, Malam Mumini na tuƙi, Tasi'u na gefe yana saurare. A kan kwalta ya saki sitiyarin, motar ta miƙe sak. Ya taka birki, ta tsaya ba rawa. Ya sauka kan hanyar ƙasa ya bi gargada da gangan, shiru, ba ƙwas ba ƙis. Ya yi dariya, abin da ya daɗe bai yi ba, ya fara ba Tasi'u labarin wani gangare a hanyar Kudu da ya taɓa sauka ba birki.

Yana cikin labarin Tasi'u ya daka tsawa ya ce ya tsaya.

Ƙafarsa ta riga tunaninsa zuwa birki. Motar ta tsaya cak. Sai da ya juya kansa gaba ɗaya sannan ya ga matar, wata dattijuwa da damin ciyawa a ka, ta manne da shingen gona a dama, madubin gefe ya kusa taɓa kafaɗarta. Tana tsaye a fili, zanenta ja, rana na haska ta. Tasi'u ya ce tun daga nesa yake ganinta, ya ɗauka Malam zai kauce.

Dattijuwar ta yi ta faɗa, suka ba ta haƙuri ta wuce. Malam Mumini bai tada motar ba. Ya ɗaga tafin hannu ya rufe idonsa na dama: ga hanya, ga gero, ga wata akuya can nesa. Ya sauke, ya rufe na hagu. Duniya ta koma kamar an watsa ruwan koko a gilashi, haske kawai da inuwa, ko fuskar Tasi'u bai iya rabewa ba.

Tasi'u ya kawar da kai yana kallon gona. Can ya ce, "Baba, ni aikin mota aka ba ni. Abin da na gani a ƙarƙashinta shi na faɗa wa Alhaji." Bai ƙara ba, shi ma Malam Mumini bai roƙe shi komai ba.

Ya kawo motar gida a hankali, yana juya wuya kamar mai neman ɓatacciyar dabba. A bakin sito ya tarar da Lawan da mutane, har da wasu 'yan majalisar masallaci. Dama Tasi'u ya jefa tsoffin ƙarafan a bayan motar, Lawan ya ɗauko lanƙwasasshen ya ɗaga kowa ya gani. Ya ce a gaban jama'a yake neman gafarar wansa, shi ne ya yi sakaci, Yaya ya faɗa ya sake faɗa bai ji ba. Waɗanda suka ce tsufa ne suka shiga cewa dama su sun san hannun Malam Mumini. Tun yaushe yake jiran wannan rana. Ya tsaya yana jin su kamar ana yabon wani mamaci. Ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya sa makulli a aljihu ya tafi gida.

Bayan magariba ya faɗa wa matarsa Sa'adiyya. Ba ta yi mamaki ba. Ta ce tun rani ta lura in ta ajiye masa buta a dama sai ya yi tuntuɓe da ita, shi ya sa ta koma ajiyewa a hagu. Ya tambaye ta me ya hana ta magana. Ta ce ta taɓa somawa, ya ce ita ma ta shiga sahun masu cewa ya tsufa.

Ranar kasuwar Makoda ya aika wa Lawan da makulli, ya ce zazzaɓi ya kwantar da shi, Abdulrauf ya yi wannan sawun. Kasuwa ta zagayo ya ce bayansa ne. A karo na gaba Lawan ya zo da kansa, ya zauna a soro, ya ce Yaya ya faɗa masa gaskiya. Ya faɗa masa. Lawan ya yi salati, ya yi jaje, ya ce lafiya ita ce gaba da komai. Amma Malam Mumini ya san ƙaninsa tun yana rarrafe, ya ga yadda kafaɗunsa suka sauka kamar wanda aka ɗauke wa buhu. Kafin Juma'a labari ya gama gari, majalisa ta koma kan maganarta ta farko, har da ƙari. Ba wanda ya sake zancen lanƙwasasshen ƙarfe. Abdulrauf kuwa duk inda ya zauna sai ya yabi motar, wai da yatsa ɗaya ake juya ta.

Da aka yi girbi Lawan ya kai shi asibitin ido a Kano. Likita ya ce yanar ido ce ta rufe idon, kuma ana cire ta. Aka yi aikin, aka sallame su. Ranar da aka kwance bandejin ya ga zaren da ke bakin mayafin Sa'adiyya ɗaya bayan ɗaya. Ya kiyaye duk abin da aka ce, bai sunkuya ba, bai shiga rana ba, yana ɗiga magani a kan lokaci. Da ya koma, likita ya gwada shi da idon dama kaɗai, ya karanta har ƙananan haruffa, likitan ya ce babu abin da zai hana shi tuƙi.

Ya sa farar rigarsa ya tafi sito. Lawan na kan benci ana auna masa gyaɗa. Ya tashi ya ba shi wuri, ya yi masa barka, ya sa aka kawo shayi. Malam Mumini ya faɗa masa abin da likita ya ce.

"Alhamdulillahi. Ai abin da muke roƙo ke nan."

"To, na zo karɓar makulli."

Lawan ya juya kofin shayinsa. Ya ce yaron nan Abdulrauf ya riga ya saba da hanya, ga iyali ya fara tarawa, in aka karɓe yanzu 'yarsa ce za ta ji a jikinta. Kuma mutanen ƙauye, ya san halinsu, in suka sa abu a ransu ba ya fita, wasu sun ce ba za su sake sa matansu a motar ba in shi ne a gaba. Ya ce akwai kujera a bakin sito, ya riƙa zama yana sa ido a kan masu awo, ba zai rasa na cefane ba.

"Wato idon ya isa gadin buhu, bai isa hanya ba."

"Yaya, ka huta mana. Ka yi naka."

Malam Mumini ya ajiye shayin bai sha ba. Ya yi sallama da masu awo ɗaya bayan ɗaya, ya kama hanyar gida a ƙafa. Gonaki sun zama fili, an tattara kara an jingine, mutum na hango rufin kwanon ƙauyen gaba. Wani mai babur ya tsaya ya ce ya hau ya rage masa hanya, ya ce a'a, ya gode.

Sa'adiyya na tankaɗe a tsakar gida. Ta dube shi ba ta tambaya ba. Ya tuɓe farar rigar ya ce ta ninke ta mayar akwati. Ya zauna a bakin ƙofar ɗaki har inuwa ta juya, sannan ya ce in ta gama ta auna masa gero kwano biyu daga rumbu, gobe zai kai kasuwa, gishiri da kalwa sun ƙare.