Abin da Yelwa Ta Binne Kafin Sanyi

Zazzaɓin ya kama ni ne bayan azahar, ina zaune bakin taga a gidan 'yata Zulai, a wani gari na Turai inda rana ke fitowa kamar an roƙe ta. Na lulluɓa da bargo biyu, amma haƙorana ba su daina haɗuwa ba. A waje dusar ƙanƙara ta fara narkewa, ta bar 'yar farfajiyar bayan gida baƙa ƙirin, jiƙe sharkaf.

A wannan farfajiyar matata Yelwa ta yi shuka kafin sanyi ya shigo. Daga Funtuwa muka zo ganin Zulai, wadda ke aikin jinya a nan, da niyyar mu yi 'yan watanni mu koma. Yelwa ba ta iya zaman banza ba. Tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu ta ba ta wasu 'yan ƙwayoyi kamar ƙananan albasa, ta ce na furen kurokas ne, dangin za'afaran, wanda ke cikin furannin da ke fara leƙowa idan sanyi ya ja da baya. Ba sa jin yaren juna, amma suka kwashe yammaci guda a durƙushe, tsohuwa na nunawa, Zulai na fassarawa daga bakin ƙofa. Yelwa ta shigo da laka a gwiwa tana ba ni labarin iri-irinsu, ni kuwa ina ji da kunne ɗaya. Ni tela ne, yadi da zare na sani.

A tsakiyar sanyi Yelwa ta yanke jiki ta faɗi a kicin. Ɓarin jikinta ya shanye, magana ta ɗauke. Tun daga ranar tana kwance a asibiti, idonta biyu, tana kallonmu kamar daga ƙasan rijiya. Likitoci sun ce a bar ta a ci gaba da gasa mata jiki da koya mata magana ko da zai kai shekara, amma ba su yi alkawarin komai ba. Ni na ce in ma mutuwa ce, gara ta same ta a ɗakinta, cikin mutanen da suka san ta. Da safen nan mun yi musu har Zulai ta fita aiki tana share hawaye, ta ce in yanke abin da na ga ya dace, ita ta gaji.

Ina cikin wannan tunanin idanuna suka yi nauyi. Gilashin tagar ya yi laushi, ya zubo kamar ruwan randa, sai ga ni tsaye a farfajiyar ba takalmi.

Katangar farfajiyar ta ɓace. Fili ne fari fat ba iyaka, kamar an shimfiɗa farin yadin alawayyo daga gabas zuwa yamma ana jiran mai yanka. A tsakiyarsa wani kurege na zaune, bakinsa duk ƙasa, ya harɗe hannu irin na dillalin kasuwa.

"Kai ne mijin mai shuka," in ji shi.

Na amsa, na ce ya nuna mini inda ta binne kowane iri. Ya yi dariya, ya ce ai ya tone wasu ya ci, wasu ya sake binnewa ya manta wurin, yanzu ko mai shukar ba za ta iya cewa ga wane ga wance ba. In ina son sani sai in sauka da kaina. Ya ɗaga gefen farin filin kamar labule, muka shige ƙarƙashi.

Ƙasa ba duhu ba ce yadda na zata. Wata doguwar rumfa ce mai kama da layin teloli na kasuwarmu, sai dai ba kowa sai ƙwayoyin nan, kowace ta kai girman mutum, zaune shiru cikin rigarta. Hannuna ya riga ni kai musu. Rigar wata saƙa ce kamar komar masunta, ta wata zare ne a jere kamar an warware bakin zane, wata kuma sumul kamar fatar jima, da zobe-zobe a gindi. Kurege ya ce da riga ake fara gane su, tun ba su da fuska.

Can ƙurya na ga wata tana jan wata saiwa mai kauri, kamar mace na jan guga, amma maimakon guga ya hau, ita ce ke yin ƙasa. Tsoro ya kama ni. Na ruga na tallabe ta ina neman ɗago ta.

"Sake ni, bawan Allah," ta ce. "Ba nitsewa nake yi ba. Zurfin da aka sa ni bai kai ba."

Na tambaye ta ko sanyin nan ba ya kashe su. Ta ce akwai 'yar'uwarta da aka tausaya wa, aka ajiye ta a ɗaki mai ɗumi, da lokaci ya yi sai ganye kawai ta fitar. Daga nan ta ci gaba da jan igiyarta.

Na juya ban ga kurege ba. Sai na ji wata ƙara da na sani fiye da muryar kowa: keken ɗinkina da na bari a shago, an rufe shi da tsohon buhu. Ga shi nan yana tahowa shi kaɗai, matakinsa na sama da ƙasa ba ƙafa a kai. Duk inda allurarsa ta bi, ƙasa na haɗuwa ta zama hanya.

"Biyo ni, Dikko," ya ce. "Shekara da shekaru ni ke bin hannunka."

Na bi layin ɗinkin muna hawa, har kaina ya huda saman ƙasa. Farin yadin nan ya yayyage, furanni na fitowa ta kowane tsagi, gajeru, ba wanda ya wuce idon sawu, kowanne kamar ɗan ƙoƙon shan shayi. Keken ya ce in lura da layinsu. Ƙananan masu ruwan ɗorawa su ne 'yan gaba, suna fitowa tun ƙanƙara na cizon su. Bayansu wasu sirara masu launin toka da shuɗi a gauraye, waɗanda ke yaɗuwa inda ba a gayyace su ba. Manya-manyan su ne 'yan baya, farare da masu launin makuba, har da wasu masu zane-zane kamar saƙi, suna tahowa a hankali irin na waɗanda suka san za a jira su. Girgije ya gifta, duk suka rufe baki lokaci guda. Ya wuce, suka buɗe. Filin gaba ɗaya numfashi yake yi.

Na yi ta yawo a cikinsu ina duƙawa, ina tambayar kowanne ko ya ga Yelwa.

Sai wata murya ta kira ni daga baya. "Malam."

Shekara arba'in ina jin kiran nan, da shi Yelwa ke tashe ni sahur. Na waiwaya, sai ga wata fure doguwa, kyakkyawa, jaja-jaja, tsaye ita kaɗai ba ko ganye ɗaya a gindinta. Maganarta tar, ba sarƙewar harshe.

"Malam, kai ni gida. Na gama. Kar ka bari su wahalar da ni."

Na zube a gabanta ina kuka, raina fari, domin abin da nake ta faɗa wa Zulai ke nan ba ta yarda ba. Na kai hannu zan tsinke ta in sa a aljihu mu tafi. Ƙarar keken ta tsaya cak.

"Ƙirga zaren da ke cikinta," ya ce.

Na leƙa cikin ƙoƙon. 'Yan sandunan nan masu garin rawaya a ka, shida ne. Nan take maganar da Yelwa ta yi mini da laka a gwiwarta ta dawo mini, wadda na ji da kunne ɗaya. Ta ce kurokas na gaskiya sanduna uku ne da shi. Akwai wani mai kama da shi, mai shida, da kaka yake fitowa tsirara ba ganye, kuma guba ne, ko akuya ta ci sai ta kwanta.

Na ja da baya, na tambaye ta muryar wa ta aro.

"Ban ari ta kowa ba," ta ce. Wannan karon da muryata ta amsa, har da 'yar dishewar da zazzaɓi ya sa mini.

Iska ta taso ta kwashe ta, ta kwashe filin da furanninsa, ta bar ni gaban wata gajeriyar katanga irin ta bayan gidanmu na Funtuwa, amma da ƙanƙara a kanta. A gindinta akwai wata 'yar fure guda, ba ta kai tsawon ɗan yatsana ba. Ganyenta sirara ne kamar tsinken tsintsiya, kowanne da farin layi a tsakiya, ɗinki miƙaƙƙe wanda ni ma zan yi alfahari da shi. Ta rufe bakinta gam. Ba a ganin launinta, ba a ganin abin da ke ciki.

Na gaishe ta, shiru. Na tambayi sunanta, shiru. Na tambayi keken ko ita ce Yelwa, ya ce shi ɗinki ya sani, bai san buɗewa ba. Haƙurina ya ƙare, na sa farce a bakinta zan tsage in ƙirga. Sai na ji tana rawa tsakanin yatsuna kamar ɗan tsako, na ga inda farcena ya taɓa ya yi baƙi. Na cire hannu da sauri.

A lokacin na lura da inuwata. Tun zuwana na tsaya tsakaninta da rana, inuwar ta rufe ta ruf, har ta hau katanga.

Na matsa gefe na zauna a kan laka. Ranar ba ta da ƙarfi, kamar fitilar da mai ya kusa ƙare mata, amma ta sauka a kanta. Na zauna. Gemuna ya yi tsawo ya taɓa gwiwa, keken ya yi tsatsa a gefena, tsuntsaye suka tafi suka dawo. Can bakin furen ya ɗan motsa, ya rabu kamar kaurin zare. Ba launi na fara gani ba, iska na ji tana fitowa, irin wadda mutum ke ja kafin ya yi magana. Na kara kunnena.

Ƙarar waya ta fizgo ni. Na farka jiƙe da gumi, bargo ɗaya a ƙasa, wuyana ya sage.

Zulai ce daga asibiti. Ta ce tun ɗazu Mama ke ƙoƙarin faɗin wata kalma, ta maimaita ta ba adadi, su duka sun kasa ganewa.

"Baba, bari in kara mata wayar. Kai ka fi kowa sanin bakinta."

Na ji ƙarar zanin gado, na ji numfashi mai nauyi. Sai wani sauti ya fito da ƙyar, gajere, a murguɗe. Ya yi kama da "gida". Ya kuma yi kama da wasu kalmomi da yawa.

Zulai ta dawo kan wayar tana tambayata me ta ce. Na buɗe baki, amsa na kan harshena, sai na haɗiye ta.

"Ban gane ba tukuna," na ce. "Mayar mata."

Numfashin ya dawo kunnena.

"Yelwa, ni ne. Sake faɗa, ina jin ki. Ba sauri."