Ranar da Inna Ɗelu ta yi kaɗi a gidan tarihi

Keziya ce ta matsa wa shugabanta har ya yarda a buɗe rumfar taɓawa a ƙaramin gidan tarihin da ke kusa da tafkin Madarunfa. Ta gaji da ganin baƙi suna zagaya kayan kakanninsu hannu a baya. Sai ta shimfiɗa tabarmi, ta zuba kara da waya da yumɓu da auduga, kowa ya zauna ya ƙera abin da ransa ke so.

Wajen kara da yumɓu kullum cike yake. Auduga kuwa ba mai kula ta, don ita kanta Keziya ba ta iya juya mazari ba.

Wata ranar kasuwa wata tsohuwa daga Safo, Inna Ɗelu, ta shigo neman inuwa. Ta ga mazari, ta ajiye ƙwaryarta, ta murza shi. Zare ya fara fita siriri. Nan da nan mata suka kewaye ta, tana kama yatsunsu tana gyarawa, ana ta dariya.

"'Yata, rabona da wannan tun mijina na da rai," in ji ta. "In kina so, in riƙa zuwa duk kasuwa ina nuna musu."

Keziya ta ji daɗi, amma hankalinta na kan 'yan lakwal, wato ɗaliban makaranta, da aka ce suna hanya.

"Inna, bari sai na tsara wurin sosai. Bayan damina zan aiko a ɗauko ki."

Damina ta wuce, aka yi girbi. Keziya tana ta sake fasalin rumfa, tana jiran ta yi kyau. Sai da zafi ya shigo ta hau moto, wato babur na haya, ta nufi Safo.

Ta tarar da tsohuwar kwance a zaure. Ciwo ya shanye mata hannun dama, maganarta ma da ƙyar. Ta gane Keziya, ta yi murmushi.

"Na yi ta jira," ta ce.

Keziya ta durƙusa ta riƙe hannun. Ta zauna har la'asar tana yi mata fifita. A hanyar dawowa sai da ta ce wa mai moto ya tsaya, ta sauka ta yi kuka.