Hannu a Kan Hoton Agwagwa

Shekara ashirin da biyu Malama Babba ta yi tana koyar da aji ɗaya, kuma babu ajin da ya kai nata amo. Ta nuna allo da sanda, yara arba'in su amsa da murya ɗaya, har masu wucewa a titi su gyaɗa kai.

Sai ga sabuwar malamar aji biyu, wadda ba ta fi 'yar cikinta ba, ta same ta a ofishin malamai tana sosa ƙeya.

"Yaya, kada ranki ya ɓaci. Yaran da kika turo min hadda suka iya, ba karatu ba."

Ran kuwa ya ɓaci. Malama Babba ta ja ta har ajinta, ta kira yarinyar da ta fi ji da ita, wadda ake wa laƙabi da Aku. Ta buɗe littafi, sabuwar malama ta rufe hoton da tafin hannu, ta nuna kalmar da ke ƙasa.

Aku ta dubi kalmar, ta leƙa gefen hannun.

"Malama, ɗaga hannunki mana in karanta."

Dariya ta kuɓuce wa Malama Babba, amma dariyar ba ta daɗe ba. Agwagwa ce, kalmar da suka rera sau ɗari.

Tun daga ranar, lokacin hutun tara, su biyun suke zama da almakashi suna yanka kwali, kowane harafi da katinsa. Aka ajiye sanda. Yara suka koma kama sauti ɗaya ɗaya suna haɗawa, da ƙyar da farko, har Malama Babba ta kusa cewa a haƙura. Ran da ake sautin "sss", hedimasta ya leƙo da gudu, wai ya ɗauka tayar babur ɗinsa ce ta sace.

Bayan wata uku mahaifiyar Aku ta zo makaranta, ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da ƙugu.

"Malama, me kuka yi wa yarinyar nan? Ba ma isa kasuwa da wuri yanzu. Kowane shago sai ta tsaya ta karanta sunansa. Jiya saƙon wayata ta karanta wa babanta, har da inda na ce wa ƙanwata yana minshari!"

"To mu daina koya mata?"

"Wa? Ƙaninta zan kawo muku baɗi."